Shekarar da Aka Kware Mana Jinka

Jiya da la'asar ina zaune gindin tsamiyar kasuwa ina cire ƙaya a diddige, sai ga wasu yara, irin waɗanda har yanzu uwayensu ke ɗaura musu wando. Ɗaya ya nuna ni da baki, ya ce wa sauran, "Ga Nomau mai toyi. Wai shi ma sana'a gare shi. Ashana guda, ƙyat, an gama aiki." Suka kwashe da dariya. To, tunda abin ya kai haka, ku matso ku ji, ku da duk mai irin tunaninku. Ni da kuke gani ban kai ashirin ba, amma girata ta ƙone ta tsiro, ta ƙone ta tsiro, har ta yi fushi ta daina fitowa a jere.

Wurin Kawu Arzika, yayan innata, na koyi aikin. Shi ne Sarkin Toyin tungarmu, can yamma da Bagudo, inda muke kusa da ƙasar Dahome har in ka yi atishawa mutanen can ne ke fara yi maka addu'a. Duk wutar da za a sa wa gona ko daji ko fadama a ƙasarmu, daga hannunsa take fitowa. A gidansa na tashi, ɗaki ɗaya muke kwana.

Ranar da na fara binsa na ɗauka wuta zai ba ni. Fartanya ya ba ni. Ya kai ni gonar wani, ya ce in share kariya. Kariya ita ce hanyar da ake kankarewa a kewaye wurin da za a ƙona, a bar ƙasa tsirara, yadda in wuta ta iso ba ta samun abin kamawa. Na yi ta kankara har bayana ya lanƙwashe kamar lauje. Kawu ya zo ya duba.

"Kai Nomau, wanga mi ne?"

"Kariya ce, Kawu."

"Kariya? Wagga ko kunkuru ya tsallake ta da gudu. Sake."

Rani guda cur na yi ina sakewa, ban taɓa bakin wuta ba. Bakin wuta kuwa damin busasshiyar ciyawa ne da ake ɗaurewa tamau, a kunna kansa, a riƙa jan sa a gindin ciyawa. In ka ɗaure shi sako-sako, kafin ka yi taku kaɗan ya cinye ya kama maka hannu. Sauran kayan aikin ba su da yawa: ɗanyen reshen sabara na bugun wuta, jiƙaƙƙen buhu, goran ruwa, takalmin fata mai kauri, da ɗan ƙullin toka a aljihu. Tokar ita ce mai faɗa mana inda iska ta nufa. Kawu yakan ɗiba ya saki, ya tsaya yana kallonta kamar za ta yi masa magana. In ta karkace, sai ya ce a koma gida, ko da mai gonar zai yi birgima a ƙasa.

Abin da ya fi ɓata mini rai da ku shi ne yadda kuke kiran komai wuta. Wadda aka shirya mata, aka share kariya, aka sa ta da gangan, toyi ce. Wadda ake sawa da wuri, ciyawa da sauran ɗanyenta, ta lashe sama-sama ta bar itatuwa lafiya, babbaka ce. Wurin da ta riga ta ci ya yi baƙi, ƙuna ne. Wadda ake kunnawa a gaban wata wutar don su haɗu su kashe juna, tarbe muke ce mata. Wadda ta kuɓuce wa mai ita kuwa gobara ce, kuma in ka kuskura ka ce wa Kawu "ga gobararka can tana ci" alhali toyi yake yi, zai bi ka da reshen sabara har cikin ƙasar Dahome.

Ko sharar gida tana da nata tsarin. Ba a ƙona juji a tsakar gida, ba a ƙona shi a rariya tsakanin danga da danga. Bayan gari ake kai shi, ta yamma, don da rani daga gabas iska ke zuwa. Da sassafe ake sa masa wuta, kafin iska ta farka, kuma wanda ya kunna shi zai zauna har hayaƙi ya mutu. Wata tsohuwa ta taɓa tara ɓawon gyaɗa a gindin zanarta ta kunna, ta tafi rijiya. Da muka kashe, muka ce, "Inna, ina kika tafi kika bar ta?" Ta ce ai ta gaya wa jikanta ya duba mata. Jikan nan ko zama bai iya ba, a bayanta yake goye.

Akwai aikin da ba na mantawa a wata fadama ta wajen Kaoje. Ka'ida ce kafin a sa wa ciyawa mai tsawo wuta a zagaya ana kira, "Akwai mutum? Wuta za ta shiga!" Na kira har muryata ta dushe, shiru. Kawu ya ce in ƙara. Na ce, "Kawu, ko aljanin da ke ciki ya ji." Ya ce in ƙara. Ina buɗe baki sai ga wani ƙaton mutum ya fito riƙe da mazagin wando da buta, yana zagina wai na hana shi sakewa. Shi ne kuma mai fadamar da ya kira mu aikin.

Haka masu kiranmu suke. Manomi yana so a ƙone masa yau-yau. Arɗon Fulani yana so a jira shanunsa su gama cin kara, sannan a babbake masa daji sabuwar ciyawa ta tsiro. Masu shinkafa suna so kada hayaƙi ya ko gifta masussukarsu. Kowa ya zo sai ya ce, "Sarkin Toyi, ai ɗan aiki ne kaɗan." In an gama lafiya, Allah ne ya tsare. In zare ɗaya na zanarsa ya ƙone, mu ne.

Amma babban abin da ke wuyanmu shi ne fagen shuci. Fili ne mai faɗi a kan iyaka, tsakanin tungarmu da ta maƙwabtanmu na Dahome, kuma duk ɗakin da ke garuruwan nan biyu da shucinsa ake yi masa jinka. Saboda shi ne ba wanda ya isa ya sa wuta a daji sai an yi shela, shelar kuwa ba a yin ta sai masu yankan shuci na gari biyu sun ce sun gama. Hukuncin wanda wutarsa ta ci fagen kowa ya san shi: a kware jinkar ɗakinsa a raba wa waɗanda nasu ɗakunan suka fi lalacewa. In kuma wutar ba ta da mai ita, ta Sarkin Toyi ake kwarewa, don shi aka ba tsaro. Wato ni da Kawu kowace shekara a ƙarƙashin jingina muke kwana.

Mummunar shekarar ita ce ta mulkin kai. Akwai wani tela a garinmu, Labbo, saurayi mai baki kamar gidan rediyo. Shi ya fara sayen keke, shi ya fara rufa ɗakinsa da kwano. Ya je Birnin Kebbi kallon bikin mulkin kan, ya dawo da 'yar tuta a kan kekensa, ya zauna bakin kasuwa yana tara samari yana gaya musu duk abin da aka hana a da yanzu an sake shi. Haraji, in ji shi, ya kusa mutuwa. Dokar daji kuwa ta riga ta hau jirgi ta bi Bature.

Gaskiya ne Bature ma ya hana toyi barkatai, har da malamin daji mai zagayawa. Amma ya tarar da dokar ne a nan, ya ɗora mata hularsa. Wannan ne Labbo bai sani ba, ko kuma ya sani ya shanye.

Ran nan da tsakar rana, shuci ya bushe ƙayau, ba a ko fara yanka ba, muna ruga muna share wa Arɗo kariya. Kawu ya ɗaga kai ya tsaya cak. Hayaƙi ne baƙi ƙirin ya miƙe ta wajen iyaka. Ya yar da fartanya ya zura da gudu. Ban taɓa sanin tsoho na iya gudu haka ba, sai da na yi da gaske na kamo shi.

Labbo ne ya kwashi samari farautar gafiya. Suka sa wuta a gefen fage ta gabas, wato suka ba ta iska a bayanta, ba kariya, ba kira, ba komai. Da muka iso ta fi ɗaki tsawo, tana ruri kamar kasuwar Lolo ta cika. Jaruman farauta kuwa sun watse, wani har ya bar takalmi.

Kawu ya ɗaure bakin wuta biyu, ya miƙo mini ɗaya. Ran nan na fara riƙe shi a babban aiki.

"Bi hanyar shanun ga ta kudu, ka ja tarbe. Kar ka yi sauri, kar ka waiwaya. In ka ji zafi ga ƙeya, ba kome. In ka ji shi ga hanci, yar ka gudu."

Na bi hanyar ina ja. Hayaƙi ya cika mini ido, hawaye da majina suka haɗu suka zama kogi. Fara da ƙadangaru suna ta faɗo mini a jiki, shirwa na shawagi a sama suna cin bikinsu. Wani zomo ya fito ya dube ni, na dube shi, kowa ya kama gabansa. Mutanen Dahome suka ɓullo ta yamma da rassa, maza da mata, suna bugu suna zagi da Dendanci, namu suna zagi da Hausa, wutar kuwa ba ta jin ko ɗaya. Wutar tarben da na ja ta kama, ta tafi ta sadu da babbar, suka yi wani irin tsalle sama suka zube. Gefen nan ya tsira. Da hayaƙi ya lafa muka duba abin da muka ceto, ɗan zirin da zai rufa akurkin kaji, in kajin ba su da yawa. Sauran fage duk ya zama ƙuna.

Abin da 'yan farauta suka samu kuwa, gafiya biyu da bushiya ɗaya, ita ma rabinta gawayi.

Washegari aka taru ƙofar mai gari, har da mutanen ƙetare. Na zauna ina murna, na ce yau za mu ga yadda ake kware kwano. Labbo bai ko yi musu ba. Ya gyara hula ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na sa. Amma wace doka na taka? Ta Nasara ce, ta tahi da mai ita. Yanzu ƙasa tamu, daji namu, gafiya tamu."

Wata tsohuwa daga ƙetare, Inna Hajo, wadda rabin garinmu jikokinta ne, ta miƙe da sandarta. "Kai ɗan nan, rufa muna baki! Mu mun riga ku samun mulkin kan, ka ga mun ƙone garinmu? Ina yarinya anka kware ɗakin kakana kan wagga magana, sa'an nan ko inuwar Nasara ba mu taɓa gani ba."

"Inna, zamani ya sake."

"Ruwan sama ma ya sake? Bana ta ƙasa za shi hito?"

Aka yi dariya, amma mai gari bai yi ba. Ya dubi samarin da suka yi layi bayan Labbo, ya ga suna da yawa, ga shi lokacin kowa na lallashin samari saboda siyasa. Ya yi ta shafa gemu har na ce zai tsige shi. Can ya yi gyaran murya ya yanke hukuncin da har in mutu ba zan manta ba. Ya ce dokar hana toyi, tunda an ce ta tafi an kuma ce tana nan, sai an tambayo manya. Kafin a tambayo, ba za a ce Labbo ya yi laifi ba. Tunda bai yi laifi ba, wutar ba ta da mai ita ke nan. Kware jinka kuwa gadon kakanni ne, ba wanda ya ce ya tafi. Saboda haka a kware ta Sarkin Toyi.

Ku ji fa! Rabin dokar da ya shafi mai keke ya hau jirgi, rabin da ya shafe mu yana nan daram. Na yunƙura zan yi magana, Kawu ya danne mini kafaɗa har na ji ƙashina ya yi ƙara.

Bai bari kowa ya hau masa ɗaki ba. Da kansa ya hau, yana kwancewa yana miƙo mini, ina ɗaurewa dami-dami. Jinka ce sabuwa, bara muka yi ta. Ya raba wa tsofaffin gari biyu, ya ba Inna Hajo nata, ta karɓa tana tsine wa Labbo. Da ya gama, ya ɗauki bakin wuta da ƙullin tokarsa ya kai ƙofar mai gari ya ajiye.

"Ranka shi daɗe, ga kayanku. Tunda wuta ta samu 'yanci, ta riƙa tashin kanta."

Haka muka ci sanyin shekarar nan, ɗaki ba komai a sama sai tsaiko. Ungulu ta san abin da muke ci kullum. Kaji suka mai da tsaikon wurin hira, abin da suke sako mana kuwa ba zan rubuta ba. Da zafi ya shigo, rana takan shigo ɗakin ta zauna kamar ita ta gina shi. Na ce wa Kawu mu nemo ko kara ne mu ɗora. Ya ce in na ɗora ko tsinke sai ya ɗora ni a kai.

Sai bazara ta zo, lokacin ƙona sassabe. Nan gari ya gane abin da ya yi. Kowa ya sare gonarsa ya tara, amma ba mai kunnawa. Da Sarkin Toyi, in wuta ta ɓaci akwai wanda za a kama. Yanzu duk wanda ya ƙyasta, tasa ce, ga mutanen ƙetare sun aiko cewa in hayaƙi ya sake tsallako musu, da kansu za su zo kwarewa, ba ruwansu da tambayo manya. Juji ya taru a bayan gari har ya fi masallaci tsawo. Macizai suka samu gidaje kyauta a cikin tarin sassabe.

Manoma suka je wa Labbo suka ce, "Kai da ba ka da jinkar da za a kware, zo ka sa muna." Don kada a ce ya ji tsoro, ya ce zai nuna musu a gonarsa. Ya jingine kekensa a gefe, ya kunna ta inda ya ga dama. Iska ta juya. Labbo ya tsira da rabin riga, keken kuwa sai ƙarfe aka ɗauko. Daga ranar ba wanda ya sake kai masa ɗinki, har samarinsa suka riƙa bin wata hanya in sun hango shi.

Da gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, mai gari ya aiko a kira Kawu. Kawu ya ce ƙafarsa na ciwo. Sai ga mai gari da kansa da dattawa, da rana tsaka. Kawu ya shimfiɗa musu tabarma a tsakiyar ɗakin. Suka zauna, rana na dukan rawunansu, kaji na leƙowa.

"Arzika, a yi haƙuri. Damina ta matso, gonaki na nan ba a ƙone ba."

"Ranka shi daɗe, ban ji ba."

"Na ce a yi haƙuri!"

"Rana ta toshe min kunne. Maganar toyi cikin inuwa aka yin ta. In ɗakin ga ya yi inuwa, ku dawo."

Ba a tambayo manya ba, ba a kuma sake zancen jirgi ba. Dattawa suka tasa Labbo gaba ya bi ƙauyuka har wajen Kaoje yana neman shuci, ya kawo a kan jakunan aro, shi yana biye a ƙasa. Inna Hajo ta ƙetaro ta kafa kujera a ƙofar gidanmu, ta ce ba mai hawa ɗakin nan sai wanda ya sa aka kware shi. Gari ya taru kallo. Tela a kan tsaiko, yana jera shuci kamar mai haɗa hannun riga, tsohuwa na nuna masa da sanda tana cewa, "Ja igiya, ɗan banza, ba zare ba ne!" Na so in hau in gyara masa ko don kaina, Kawu ya harare ni na koma.

Kashegari aka yi shela. Kawu ya karɓi bakin wutarsa, muka bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, da kariya da kira da sakin toka, ba mu tsallake ko ɗaya ba duk da manoma na ta duban sama suna roƙon mu yi sauri. Gonar ƙarshe muna cikin kashe gefenta aka fara yayyafi.

Ruwan farko na kirki ya sauka da hantsi. Muka shiga ɗaki, Kawu ya kishingiɗa a gadonsa, wurinsa bushe ƙayau. Ni kuwa daidai kan tabarmata jinkar Labbo ta buɗe baki, ruwa na zuba kamar an kafa indararo. Na ja tabarmar gefe, yoyon ya biyo ni. Na ɗauko igiya da ragowar shuci zan fita.

"Ina za ka?"

"In toshe, Kawu."

"Aje. Wurin ga ba a taɓa shi. Duk wanda ya zo yana tambayar ko dokar toyi tana nan ko ta tahi, nan za a shimfiɗa mishi ya kwana."

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba wanda ya sake tambaya. Ni ke kwana a wurin, da ƙwarya a kan ciki.